Ranar da aka Tura Baba Tashi-Ɗaya

Na fara haɗuwa da shi ranar Litinin, uku ga Maris, 2003, a bakin ƙofar kamfanin katifa inda na samu aikin akawu. Ranar ce ta farko da zan shiga ofis, kuma na makara. Bas ɗin da na hau ta mutu a hanya, direba ya roƙi maza su sauka su tura, muka yi ta turi har ta yi tari ta tashi. Na iso tafin hannuna baƙi ƙirin, ƙafar wandona ta sha taɓo, ina ta tsara abin da zan faɗa wa manaja.

A bakin ƙofar na tarar da wani mutum gajere mai faɗin ƙirji yana wanke farar akori-kura. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya dubi hannuna, ya dubi wandona, ya ce, "Turi ka yi." Na ce e. Ya girgiza kai kamar na sanar da shi rasuwa, ya miƙo mini sabulu, ya riƙa tsiyaya mini ruwa har hannun ya fita. Da zan wuce ya ce in dai motarsa zan riƙa shiga, to daga ranar ni da turi mun rabu.

Shi ne direban kamfanin. Baba Tashi-Ɗaya kowa yake kiransa, har manaja, har matarsa idan tana son tsokanarsa. Sunan ya samo shi ne saboda sau ɗaya yake murɗa makulli mota ta tashi, ko da sanyi ko da ruwan sama, ko ta kwana uku a ajiye. Ba sa'a ba ce. Kafin kowa ya zo ofis ya riga ya buɗe gaban mota, ya duba ruwa, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goga a farin ƙyalle ya ɗaga wa haske, ya taɓa kawunan batir, ya zagaya tayoyi yana bubbuga su da wani guntun sanda da ya yi santsi don riƙo. Idan ya kunna, sai ya karkata kai ya lumshe ido yana sauraron inji. A lokacin ko manaja ne ya yi masa magana ba ya amsawa.

Duk wanda ya zauna kusa da shi na ɗan lokaci sai ya ji maganar nan: "Tun da na riƙe sitiyari ba a taɓa tura ni ba." Yakan faɗa wa sababbin leburori, da masu sayen katifa, da ɗan sandan da ya tsayar da shi don duba takardu. Ni ma na ji ta fiye da yadda zan iya lissafawa. Takardun gyaran mota ta hannuna suke bi, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin wadda ta ƙaryata shi ba. Sai dai ƙyamar turin ba ta sa ya raina waɗanda motarsu ta mutu ba. Idan ya ga mutane sun dafa bayan mota a titi, sai ya tsaya, ya sauko da wayoyin batir da sifana, yana faɗa yana gyarawa, har motar ta tashi ba a tura ta ba. Yakan ce zuciyarsa ce ba ta iya kallo.

Abu na biyu da aka san shi da shi tsabta ce. Tsumman goge gilashi daban, na jiki daban, na inji daban, kuma wanda ya haɗa masa su zai ji a jikinsa. Bai yarda a liƙa komai a jikin motarsa ba. Masu tallan makarantu da magunguna kan manna takarda idan ya yi fakin a kasuwa, shi kuwa yana dawowa zai fito da reza da ruwan ɗumi ya kankare, yana ƙunƙuni. Bai taɓa ɗaukar iyalinsa a motar kamfani ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana da shagon robobi da sabulu a kan titinmu, kuma ya sha wuce ta tana tafe da kaya a ka, ya danna mata ham ya ɗaga hannu ya yi gaba. Ta ce mini ta daina jin haushi tun tana amarya.

Akwai mutum ɗaya da bai taɓa yarda da sunan ba, wato ƙanin Inna. Bakanike ne, dogo mai wushirya, garejinsa yana can ƙarshen titinmu bayan an wuce shatale-tale. A wurinsa ake yi wa motar kamfani juyen baƙin mai da sauran gyara, amma Baba da ƙafarta yake kai ta, ya danna ham a bakin gareji, ya gyara fakin da kansa, ya tsaya a kan aikin yana ba da umarni. Bakanike kuma kullum maganarsa ɗaya: "Mijin yaya, ina nan ina jiranka. Babu motar da ba ta zuwa mini a ture." Har wuri ya ware a ƙarƙashin rumfar kwano, ba ya barin kowa ya ajiye mota a ciki, yana gaya wa masu kawo gyara cewa wannan na mijin yayarsa ne, ranar da za a turo shi. Idan sun haɗu a gida kan abinci suka fara musun, Inna takan ɗauke kwanon ta ce wanda ya fara yin shiru shi za a mayar wa. Yawanci abincin yakan huce.

Shan mai ma yana da tsarinsa. Gidan mai ɗaya yake zuwa, wanda ke farkon titinmu, kuma famfo ɗaya, na ƙarshe kusa da bango. Wata mata ce mai 'ya'ya biyu take tsayawa a famfon, yana kiranta 'yata, tana kiransa Baba. Tun farkon zuwanta ta taɓa tambayarsa wane mai za a zuba, ya ce ashe har yanzu ba a san shi a gidan man nan ba, daga nan ba ta ƙara tambaya ba. Shi zai tsaya, ya sauka, ya shiga zagaya tayoyi da sandansa. Ita za ta buɗe tanki ta cika. Suna yi suna hirar karatun 'ya'yanta. Idan ta gama, shi yake rufe tankin da hannunsa, ya goge bakin da tsumma. Shekara da shekaru haka, ba wanda ya taɓa ambaton mai a tsakaninsu.

A watan Oktoba na 2015 kamfani ya sayar da tsohuwar motar ya sayo wata. Ba sabuwa fil ba ce, amma ta fi ƙarfi, kuma dizal take sha, ba fetur ba. Fara ce ita ma, tsayinsu kusan ɗaya, kuma mai fentin da ya zana katifa da jinjirin wata a jikin tsohuwar shi aka kira ya zana su a wannan. Baba ya raka tsohuwar har bakin titi, ya gargaɗi wanda ya saye ta a kan giya ta biyu, ya dawo yana waiwaye. Amma kafin ƙarshen mako ya shaƙu da baƙuwar. Ya kwaso rigar kujerarsa, da ɗan madubin da yake ƙarawa a gefe, da sandansa, da tsummokaransa, ya shirya su kamar yadda suke a da. Ya tara mu ya yi mana bayani mai tsawo a kan injin dizal, yadda yake son haƙuri da safe, da yadda man da kansa yake shafe famfon da ke tura shi cikin inji. A kan murfin tanki akwai wata takarda ruwan ɗorawa da aka rubuta "Dizal kawai". Gefenta ya ɗan ɗago ya tara ƙura. Ranar Litinin da na zo aiki ya kira ni ya nuna mini wurin yana ƙyalli, ya ce da ƙyar ta fita, sai da ya sake reza.

Washegari, Talata, sha uku ga wata, aka yi lodin katifu za a kai wata makarantar kwana. An jera su sun yi tsiri, an ɗaure da igiya. Na bi shi domin ni zan karɓo sa hannun shugabar makarantar. Man da aka sayo motar da shi ya kusa ƙarewa, saboda haka muka biya gidan mai. Yana ba ni labarin wani tsohon ubangidansa hannunsa ya juya sitiyari, ya kai mu famfon ƙarshe kusa da bango. Ya sauka da sandansa. Matar ta gaishe shi, ta ce yau motar ta sha wanka, ya ce ai kullum ma tana sha. Ta cika tanki tana gaya masa babbar 'yarta ta zo ta ɗaya a lissafi. Ya rufe, ya goge, ya shigo ya zauna.

Ya zura makulli. Tsumman yana hannunsa na hagu, ya ɗaga shi zai rataye, sai ƙanshin ya bugi hancinsa. Na ga ya ɗan yi murmushi, domin ƙanshi ne da ya saba da shi tun yana saurayi. Sai murmushin ya tafi. Ya sake shinshina tsumman, ya juya ya dubi famfon, ya dubi makullin, ya janye hannunsa a hankali.

"Akawu," in ji shi, "fetur muka sha."

Da matar ta fahimci abin da ya faru sai ta ɗora hannu a ka, idonta ya cicciko. Shugaban gidan man ya fito zai fara yi mata faɗa. Baba ya sauka ya tare shi, ya ce shi ya kawo motar famfon fetur da hannunsa, shi ya kankare takardar, kuma shi ya hana yarinyar tambaya tun shekarun baya, saboda haka in akwai faɗa ga shi a tsaye. Shugaban ya fasa faɗan. Amma ya ce ba za a zuƙe tanki a harabarsa ba, kusa da famfuna, sai dai a fitar da motar.

Nan da nan aka taru, kowa da shawararsa. Wani direban tasi ya ce a rage kaɗan a ƙara dizal a kai, su gauraya, ba abin da zai faru, shi ma ya taɓa ji an yi. Mai sayar da baƙin mai ya ce a zuba galan ɗaya na hajarsa a ciki. Wani dattijo da ya zo shan mai a babur, wanda ya san Baba da sunansa, ya matso ya rage murya ya ce gareji ai ba nisa, akwai sauran dizal a cikin bututu, kafin fetur ya isa inji ya kai, ya shiga da ƙafarsa kamar kullum, ba wanda zai ji ba wanda zai gani.

Baba ya koma cikin mota ya rufe ƙofa. Na shiga na zauna kusa da shi. Ta gilashin gaba ana hango titinmu a miƙe, shagon aski, teloli, ƙofar kamfaninmu, shagon Inna, can gaba shatale-tale. Babu mai shago ɗaya a jerin nan da bai taɓa jin maganarsa ta turi ba. Ya ɗora yatsu a kan makullin.

"Za ta tashi fa," ya ce. "Tashi ɗaya ma."

Na ce ni ban san mota ba, shi ya sani. Ya daɗe yana kallon titin. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, fetur ba ya shafe famfon inji, busar da shi yake yi, ƙarfe ya ci ƙarfe, kuma ko sun kai gareji lafiya, ɓarnar tana nan a ciki sai wata rana ta fito a tsakiyar daji. Ya shafa sitiyarin ya ce baiwar Allah, ko mako ba ta yi a hannunsa ba, ba ta yi masa laifin komai ba. Ya zare makullin, ya jefa a aljihu, ya ɗauko wayarsa. Sai da ya duba sunan ƙanin matarsa na ɗan lokaci kafin ya danna.

Ya gaya masa abin da ya faru. Daga inda nake zaune ina jin muryar bakaniken. Ya ce layin ba ya fita sosai, a maimaita. Baba ya maimaita. Bakanike ya ce har yanzu bai ji ba. Baba ya ce ya ji sarai, ɗan banza. Sai dariya ta ɓarke a wayar, irin wadda mutum ke buga cinya, har Baba ya nisanta ta daga kunnensa. Can dariyar ta tsaya cak.

"Ka kunna?"

"Ban kunna ba."

"Ko sau ɗaya, mijin yaya? Gaya mini gaskiya."

"Na ce maka ban kunna ba."

"To Allah ya yi maka albarka. Kada ka taɓa komai, ga ni nan."

Baba ya ce ya taho da motarsa da igiya a ja ta, ja ai ba turi ba ne. Bakanike ya ce kash, motar jan ba ta da taya.

Ya ɗan jima kafin ya iso, kuma da muka hango shi muka gane dalili. Wanka ya yi. Ya cire kayan aiki ya sa farar riga mai guga da hula, yana tafe a tsakiyar titi da ma'aikatansa biyu a bayansa, yana tsayawa a kowane shago yana faɗin wani abu. Da ya iso ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, gaisuwar da bai taɓa yi masa ba, ya tambayi lafiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya. Baba ya ce ya tashi ya yi abin da ya kawo shi.

Saura abu ɗaya. Sitiyarin a kulle yake, ba ya juyawa sai an ɗan murɗa makulli. Bakanike ya leƙo ta taga, wasa ya bar fuskarsa, ya ce mataki ɗaya kawai, da ya ji sitiyari ya saki ya tsaya, in ya wuce nan famfon motar zai fara jan mai. Hannun da ya saba murɗawa har ƙarshe tun kafin a haifi rabin mutanen da ke wurin, yau an ce ya tsaya a farko. Baba ya kama makullin da hannun dama, ya riƙe wuyan hannun da na hagu, ya murɗa. Aka ji ƙas. Ya saki da sauri kamar ya taɓa wuta. Sannan ya mayar da giya fili, ya ja hularsa har kan gira, ya nutse cikin kujera, ya ce a tura.

Mu biyar muka fara: ni, da bakanike, da ma'aikatansa, da direban tasin nan. Motar da lodin katifu ba ta da nauyi kamar yadda na zata, amma fitowa daga gidan mai zuwa titi sai da muka yi nishi. Muna hawa kwalta mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da ƙyalle a wuya, rabin kansa a aske. Suka tsaya suna kallo baki buɗe. Mai askin ya ce shi ma a ba shi wuri, Baba ya taɓa tayar masa da mota a ranar da matarsa take naƙuda. Teloli suka bar kekunansu. Mai facin taya ya zo, mai shayi ya zo. Da muka zo daidai ƙofar kamfani leburorinmu suka fito a guje, domin labari ya riga mu isa. Manaja ya fito yana tambayar me ya samu sabuwar motarsa. Bakanike ya ba shi amsa a taƙaice, ya ƙara da cewa ba a kunna ba. Manaja ya tsaya ya dubi Baba da ke ɓoye a ƙarƙashin hula, ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa mai gadi, ya naɗe hannun riga, ya ce a matsa masa.

Inna tana tsaye a ƙofar shagonta, hannu a ƙugu. Ta ɗaga hannu, muka tsaya. Ta ja ƙofar shago, ta gyara mayafi, ta zagayo ta buɗe ɗaya gefen ta shiga ta zauna. Baba ya ce ta san doka, ba a ɗaukar iyali a motar kamfani. Ta ce manaja yana baya, ya je ya kai ƙara. Manaja daga baya ya ce shi yau lebura ne, bai ga komai ba.

Ina gefen taga ina turi, saboda haka na ji abin da ta ce masa bayan mun ci gaba.

"Baban yara, ɗaga hular nan ka dubi madubi. Ko ranar aurenmu mutane ba su fito maka haka ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Can ya ɗan ɗaga hular ya saci kallon ɗan madubin nan nasa na gefe. Babu sauran wurin dafawa a jikin motar. Waɗanda ba su samu ƙarfe ba sun dafa katifu, waɗanda ba su samu katifa ba sun dafa bayan waɗanda suke turawa. Inna kuwa ta fito da hannu ta taga tana ɗaga wa mutane kamar wata babbar baƙuwa. Na ga kafaɗarsa ta fara rawa. Da farko na ɗauka kuka ne. Dariya ce, ta ƙwace masa har ya kifa goshi a kan sitiyari.

Daga nan ya miƙe zaune, ya mayar da hula ƙeya, ya leƙo da kai ya karɓi ragamar aikin. Na dama su rage, na hagu su ƙara. Wane ne wannan mai hannun baƙin mai ya dafa masa jinjirin wata? Manaja ya sa ƙarfi, ana ganinsa a madubi. Ya shiga danna ham yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya da sunan sana'arsu. A shatale-tale mai ba da hannu ya tsayar da motoci ta ko'ina, ya ƙame ya sara mana har muka wuce. Kafin gareji akwai ɗan hawa, a nan leburorinmu suka ɗauki kirarin da suke yi idan za su ɗaga kaya mai nauyi, jama'a suna amsawa, motar ta haye kamar ba komai a kanta.

Wurin nan na ƙarƙashin rumfar kwano an share shi, har ruwa an yayyafa. A bayan garejin kuma ga motar jan nan tsaye a kan tayoyinta huɗu lafiya lau. Baba ya nuna ta da baki. Bakanike ya ce ikon Allah, ashe ta warke.

Ya shiga ƙarƙashin motar da farar rigarsa, bai ko tsaya canzawa ba. Suka kwance tanki, suka juye fetur ɗin a jarkoki, suka ɗauraye, suka mayar. Matar gidan man ce ta kawo dizal da kanta a cikin amalanke, ta tsaya ta riƙe mazurari har aka gama zubawa. Mutane ba su watse ba. Wasu sun zauna a kan tsofaffin tayoyi, mai shayi ya koma ya ɗauko butarsa. Baba ya ɗauko tsumma zai fara goge sawun hannayen da suka rufe farar motar tun daga gaba har baya, Inna ta ƙwace ta ce ya bar su su yini.

Da aka gama bakanike ya fito, rigar ta tashi daga aiki, ya yi shela cewa yanzu za a gani. In motar ba ta tashi a murɗawar farko ba, sunan ya faɗi, kuma shi zai zaɓi sabo, ya ma riga ya tanadi guda uku. Baba ya shiga, ya gyara zama, ya murɗa makulli ya jira fitilar ɗumama inji ta mutu kamar yadda ya koya mana, sannan ya ƙarasa. Ta tashi tun kafin ya saki makullin. Ya karkata kai ya lumshe ido, jama'a suna tafi suna buga tayoyi, shi bai ma san ana yi ba. Sai da ya gama sauraro ya buɗe ido ya ce lafiyarta ƙalau.

Bakanike ya matso kusa da ni yana goge hannu, ya ce ai ya san za ta tashi, tunda ko ɗigon fetur bai bar tanki ba, bututun duk dizal ne. Ya ce da mijin yayarsa ya kunna ta a gidan mai, da yanzu wani zancen ake yi. Na ce ya faɗa masa mana. Ya ce Allah ya kiyaye, ya ƙara masa girman kai?

Mun kai katifun bayan azahar. Shugabar makarantar ta tambayi dalilin sawun hannaye a jikin ledojin katifun, Baba ya ce ta zauna ya ba ta labari, kuma ya bayar tun daga reza.

Daga ranar maganarsa ta canza. Ya daina cewa ba a taɓa tura shi ba. Sai ya ce, "Sau ɗaya aka tura ni, har da manaja a ciki," sannan ya jero sauran, kuma duk shekara mutanen suna ƙaruwa. Ya kira mai fenti ya rubuta DIZAL da manyan jajayen haruffa a kan murfin tankin. Ya koma famfon dizal, shugaban gidan man ya mayar da matar can, kuma kullum sai ta tambaye shi wane mai za a zuba, shi kuma ya amsa da ladabi.

Ya ci gaba da tuƙa motar har ƙarshen 2021, lokacin da idonsa ya fara gajiya da hasken fitilun dare, ya ce gara ya sauka da kansa. Ba a sake tura shi ba. Motar tana nan tana aiki a hannun wani direba da shi ya zaɓa. Yanzu yana zama a shagon Inna, yana jera robobi bisa girma yana goge su, masu motocin unguwa suna tsayawa a ƙofar shagon ya saurari injinsu ya gaya musu abin da ke damunsa. Bakanike ya ba da wurin rumfar kwano ga masu kawo gyara. Duk lokacin da ya zo wucewa ta shagon, sai ya miƙa tafukansa biyu gaba ya sunkuyar da kai kamar mai turi, Baba ya jefe shi da tsumma.